Ranar da Yaya Marta ta kushe saƙar Baba Kyari

A wannan watan yayata Marta take cika shekara talatin da rasuwa. Waɗanda suka san ta ido da ido a majami'armu ta Katolika a nan Damagaram sun kusa ƙarewa. Matasa sun san sunanta ne kawai daga bakin iyayensu, kuma abin da aka bar musu a kanta kalma ɗaya ce: masifaffiya. Ban zo in wanke ta ba. Faɗa kam tana da shi, ni da na tashi a hannunta na fi kowa sani. Abin da nake so in bayar shi ne labarin yadda sunan ya manne mata, domin waɗanda suka raɗa mata shi rabin abin suka gani suka tafi.

Ubanmu Bamoshe ne, ɗan ƙabilar Mosi, ya zo ƙasar nan cikin sojan Faransa, da ya ajiye bindiga ya koma dafa wa Turawa abinci. Uwarmu Hajo 'yar Tirmini ce, ta rayu a kan sallarta har ta koma ga Allah. Mu biyu muka bi addinin uba. Majami'ar wancan lokaci ɗan ɗakin ƙasa ne, masu zuwa kuma yawancinsu baƙi: ma'aikatan buro, wato ofis, 'yan Dahome da Togo, da tsofaffin soji, da masu aiki a gidajen Turawa. Limaminmu Bature ne, mutanen gari suna kiransa Mompera, mu kuma suna ce mana 'yan misiyo. Ni da Marta muna tsakiya. A majami'a mu ne 'yan gari, in mun shiga Birni, tsohon gari, kuma mu ne baƙi. Ni masassaƙi ne, sabon aure a lokacin, ni nake haɗa bencina da ƙofofin misiyo. Ita mijinta ya rasu, tana riƙe da kanta da keken ɗinki, kuma ita ke wanke kayan bagadi, wato teburin da ake ibada a kansa.

Bayan yaƙin Turawa na biyu da 'yan shekaru aka yi wata damina da ta fara da kyau, ta ɗauke lokacin da gero yake fid da kai. Kafin sanyi ya shigo hatsi ya yi wuyar gani a kasuwa. Mu 'yan misiyo abin ya zo mana da sauƙi, don da yawa a cikinmu suna da albashin wata. Sai aka kafa ƙungiyar taimako, aka ce kowane gida ya riƙa zuwa da abin da ya samu na hatsi ranar Lahadi, a zuba a wani babban akwati da na haɗa. Aka ba Mushe Anatol shugabanci, Mushe kuwa laƙabin girmamawa ne na Faransanci. Ma'aikaci ne a buron kumandan mai mulkin gari, ɗan Dahome, mutum mai tsafta da tausayi, wanda ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba.

Da farko a ƙofar misiyo ake rabo bayan an tashi daga ibada. Waɗanda suka zo su ne dai waɗanda da ma suke bara a ƙofar kanti da bakin kasuwa. Marta ba ta hana a ba su ba, amma ta faɗa a taro cewa masu yunwar gaske a Birni ba za a taɓa ganinsu a ƙofar nan ba. Ta ce akwai gidajen da ake ɗora tukunyar ruwa zalla a murhu da yamma, don maƙwabta su ga hayaƙi ya tashi su ɗauka ana girki.

Ina tuna wannan magana tata duk lokacin da na ga rabon taimako na yanzu. Mota ta tsaya, a kafa ƙyalle mai rubutu, a jera mata a rana, a ɗora wa kowacce buhu a ka, a ce ta juyo ta yi murmushi za a ɗauki hoto. Ban san abin da Marta za ta ce ba, amma na san ba za ta faɗe shi a hankali ba.

Ɗaya daga cikin gidajen da take nufi shi ne na Baba Kyari masaƙi. Uwarmu ta yi shekaru tana kaɗa zare tana kai masa, da haka muka san gidan. A zamaninsa, in ana son farar saƙa mai kyau a Birni wurinsa ake zuwa. Amma yadin kanti ya shigo ya karya kasuwar masaƙa, shi kuma yanar ido ta fara rufe masa gani. Ga iyali, ga yunwa. Mushe Anatol da ya ji labari ya ɗora hatsi a jaki ya aika masa. Kafin la'asar jakin ya dawo da kayansa yadda ya tafi, tare da gaisuwa mai kyau da saƙon cewa an gode, a ba waɗanda suka fi bukata.

Mompera ne ya kawo dabarar a ba shi aiki. Ya ce bagadi yana son sabon zane kafin Nowel, wato Kirsimeti, a sa tsoho ya saƙa, a biya shi da hatsi. Kowa ya yaba, har Marta. Aka sayo auduga daga wajen Gidimuni, matan majami'a suka zauna suka kaɗa zaren da hannunsu, yawancinsu a lokacin suka fara riƙe mazari. Baba Kyari ya karɓi aiki ba musu. Saƙar maza siririya ce, faɗinta bai wuce tafin hannu ba, sai an yi ƙyalle da yawa a haɗa bakinsu da ɗinki kafin a sami zane. Ya yi makonni a kai.

Ranar da ya gama, da ƙafarsa ya tako daga Birni, sanye da rigarsa ta Juma'a, ƙunshin saƙa a hammata. Bai shiga ba, ya tsaya a ƙofar misiyo ya yi sallama. Ina tsakar gida ina gyaran katako, Marta kuwa ta tafi Tirmini duba dangin uwarmu. Mushe Anatol da Mompera suka fito suka tarbe shi da fara'a. Mushe ya ɗaga gefen ƙunshin kaɗan, ya leƙa, ya ce madalla, aiki ya yi kyau ƙwarai. Mompera ya maimaita da 'yar Hausarsa, da kyau, da kyau. Suka tambayi abin da yake so, ya faɗa, nan take aka auna masa, aka ƙara a kai.

To, a Damagaram ba haka ake sayen aikin hannu ba. Mai saye yakan warware kaya gaba ɗaya, ya ɗaga a rana, ya ja baki ya ga ko zai saki, ya murza da yatsa, ya nemo aibi ko da babu. Sannan ya taya da arha, mai kaya ya ce albarka, a yi ta ja har a kai inda za a sallama. Mai sana'a ba ya jin haushin wannan, shi ne shaidar ana son kayansa. Wanda ake miƙa wa abu ba a dubi abin da ke hannunsa ba, kowa ya san ko wane ne.

Tsoho ya ce, "Ba za a buɗe ba?"

Mushe Anatol ya ce ai babu bukata, wa zai yi shakkar aikin Baba. Da kyakkyawar zuciya ya faɗa. Aka shiga da ƙunshin aka ajiye a akwatin kayan ibada, aka sa mai jaki ya raka tsoho da hatsinsa.

Washegari hatsin ya dawo. Wannan karon babu gaisuwa, babu saƙo. Bayan kwana kaɗan muka ji Baba Kyari ya kwance masaƙarsa daga gindin bishiyar da ya yi shekaru yana zama, ya naɗe zare, ya shige zaure ba ya fitowa. Ran Mushe Anatol ya ɓaci, ya ce wannan girman kai ne, mutum ya yi aiki an biya shi har da ƙari ya ƙi karɓa, 'ya'yansa suna kwana da yunwa. Mompera ya rasa gane inda aka yi kuskure.

Da Marta ta dawo aka ba ta labari, tambaya ɗaya ta yi: wa ya duba saƙar? Da ta ji babu, ta buɗe akwati ta fito da ita ta shimfiɗa a tsakar gida. Gaskiya aikin bai yi ba. Wasu ƙyallayen sun fito daidai, wasu kuwa bakinsu ya karkace, wani ya fi wani faɗi, ga ƙulli nan da can. Ta ce tsoho ya san da haka, don abin da idonsa bai gani ba yatsunsa sun gaya masa. Ya zo da shirin a kushe ya kare kansa, da ya ga ba a ko buɗe ba, ya gane ba zane ake so ba, hanyar ba shi sadaka ake nema. Ta naɗe ƙunshin ta ɗora mini a ka, ta ce in biyo ta.

Da hantsi muka shiga Birni, muna tafiya cikin rairayin lunguna. A ƙofar gidansa sauran masaƙa suna jere a inuwa suna aiki, gurbinsa babu kowa. Marta ta durƙusa a bakin zaure ta gaishe shi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ta roƙe shi ya fito waje tana da magana. Da ya fito ta miƙe, ta warware saƙar a gaban kowa.

"Baba, aikin da aka ba ka ke nan? Taɓa bakin nan ka ji. Wannan ya fi wancan faɗi da yatsa guda, in na haɗa su a keke zane zai karkace. A kan teburin ibadarmu za a shimfiɗa shi, ba a bayan jaki ba. Waɗanda suka karɓa ba su san saƙa ba, ni na sani."

Masaƙa suka tsai da ƙafafunsu. Na ji kamar in nutse don kunya. Tsoho mai furfura, rabin makaho, a ƙofar gidansa, mace ƙarama da ta yi wasa a gabansa tana faɗa masa wannan. Ya miƙo hannu, ta sa masa ƙyallen. Ya bi shi da yatsa daga farko har ƙarshe. Sannan ya tambayi wanda ya kaɗa zaren, ta ce matan majami'a ne.

"Ke ɗiyar Hajo ce," in ji shi. "Uwarki ta kawo mini zare shekara da shekaru, ban taɓa tsayawa ƙulli ba. Wannan kuwa wani wuri igiya, wani wuri yanar gizo. A kawo mini zaren mutane a ga ko ba zan yi saƙar mutane ba."

Daga nan aka shiga. Ta ce zare ba ya sa ƙyalle ya fi ɗan'uwansa faɗi, ya ce yana sawa mana, ita me ta sani ban da taka keke. Sauran masaƙa suka taso suna karɓar ƙyallen suna ɗagawa a rana, wannan ya bi bayan tsoho, wancan ya ce a'a, nan kam hannu ne ba zare ba. Har rana ta take ana abu ɗaya. A ƙarshe aka ware masu kyau gefe guda, ta taya su da arha, ya yi ta cewa albarka yana kau da kai, ta ƙara, ya sallama. Marasa kyau ta ce ko ƙwayar hatsi ba za ta bayar a kansu ba sai ya sake, ita kuma ta ɗauki alkawarin kaɗa zaren da kanta. Abin da ya samu a ranar bai kai wanda Mushe Anatol ya auna masa ba. Amma ya karɓa, kuma ba mu bar lungun ba sai da muka ji yana kira a fito masa da kayan masaƙa.

Labari ya riga mu isa misiyo, kuma ya isa a yadda labari yake isa. Aka ce Marta ta je har gida ta ci mutuncin tsoho makaho a gaban jama'a, ta rage masa abinci ana tsakiyar yunwa. Matan da suka yi kaɗi su ma suka sha kunu, don ta dawo ta faɗa musu abin da ya ce a kan zarensu ba ta rage ko harafi ba. A taron Lahadi Mushe Anatol ya ce, cikin ladabinsa na kullum, aikin jinƙai ba ya tafiya da irin wannan hali. Aka cire ta daga ƙungiya. Na yi ƙoƙarin in yi bayani, ta harare ni na zauna. Abin da ta faɗa kawai shi ne a je a tambaya, an ɗora tukunya a gidan ko ba a ɗora ba. Mompera bai sa baki ba a ranar, amma daga baya duk abin da misiyo ke bukata na saƙa, labulen lakwal ne, wato makaranta, ko mayafin marasa lafiya, Marta yake kira ya ce ta nemo.

Zanen bai kai ga Nowel ba, sai a Idin Tashin Almasihu aka shimfiɗa shi. Ko a karo na biyu sai da ta mayar masa da ƙyalle ɗaya. Haka suka yi shekaru, ta kai aiki, ya saƙa, su yi cacar baki a gindin bishiya, a auna masa haƙƙinsa. Da ya ji muryarta a bakin lungu sai ya ce wa abokansa ga fitina nan ta iso, ya gyara zama.

Yau akwai abin da ake kira aiki don abinci. A tara mutanen ƙauye su haƙa ramuka a fili don tare ruwan sama, a raba musu hatsi, mota ta tafi. Sau da yawa ba mai komowa da damina ya ga ko ramin ya tare ruwan, kuma masu haƙar sun san ba mai komowa, don haka suke haƙa yadda suke haƙa. Ba na raina wannan taimako, na ga yunwa da idona, na san mai jin ta ba ya zaɓen hannun da ya miƙo masa. Kuma ba zan ce hanyar Marta ta dace da kowa ba. Akwai waɗanda bakinta ya ji wa ciwo a lokacin da lallashi suke bukata, wasu sun mutu ba su yafe mata ba. Mushe Anatol ma ya ciyar da gidaje da yawa da taushinsa, ban ga laifin kowa ba in ya fi tunawa da shi. Sai dai na tabbata da za ta tsaya a bakin ramukan nan, mai rabon hatsin za ta fara tambaya ko ya taɓa leƙa ciki.

Lokaci ya yi da yanar ta rufe idon Baba Kyari gaba ɗaya. Wata rana ya aiko a kira Marta, abin da bai taɓa yi ba. Na raka ta. Muka same shi a zaure shi kaɗai, da wani ƙyalle a cinyarsa wanda ba kowa ya sa shi ba, ya saƙa shi ne da lalube.

"Ɗiyata, duba mini wannan. 'Ya'yana sun ce ya yi kyau, maƙwabta sun ce ya yi kyau. Naki nake jira."

Ta fita da shi waje inda haske yake. Ta daɗe. Ina hango ta tana juya shi, tana ja, tana neman ko da taki ɗaya ne da za ta iya tayawa. Ta dawo ta durƙusa a gabansa ta sa masa a hannu.

"Ba ya sayuwa, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya ce da ma ya zata. Ya naɗe ƙyallen a hankali ya ajiye a gefe. Can ya tambaya ko har yanzu ana tara hatsin nan na Lahadi. Ta ce ana tarawa.

"To, a sa ni a ciki. Amma ke za ki riƙa kawowa."

A hanyar komawa ta yi kuka, ta ja mayafi ta rufe fuska har muka fita daga Birni. Tana ƙaunar tsohon nan kamar uba, kuma kalmomin da ta faɗa masa sun fi mata zafi fiye da cire ta da aka yi daga ƙungiya. Daga ranar Mushe Anatol da kansa yake auna rabon Baba Kyari ya miƙa mata, ba tare da an sake tada tsohuwar magana ba. Ta riƙa kaiwa a kanta, tsoho ya karɓa da hannu biyu a gaban abokansa ya yi godiya yadda ake yi, har Allah ya ɗauki ransa.

In aka tambaye ni abin da ya rage na Marta bayan shekara talatin, ba ni da abin nunawa. Zanen bagadin ya tsufa an yi tsumma da shi tun tana raye. Ba ta bar ɗa ba, kekenta an sayar. A gindin bishiyar nan ta Birni yanzu masu gyaran babur ne suke zama. Abin da ya rage yana wurin 'yan tsirarun da ta taɓa mayar wa da aiki, waɗanda suka san abin da ake ji in mutum ya ɗauki abin da ka yi ya ɗaga shi a rana da gaske.

Ni yanzu na tsufa, zarto yana kauce mini daga layi, amma ina ɗan taɓawa don kada in zauna haka. Kwanan baya na haɗa wata 'yar kujera na kai majami'a. Na san ƙafarta ɗaya ta gaza sauran, da na ajiye ta na ji ta yi gwal a siminti. Matasan ƙungiya suka taso suka karɓe ta da hannu biyu, suka ce madalla Baba, aiki ya yi kyau ƙwarai, suka biya ni fiye da abin da na faɗa. Na ɗan tsaya a ƙofa ina jira. Ba wanda ya juya ta ya dubi ƙafafun.